Yadda Ake Samun Sarauniya a Cikin Amya



Duk wanda ya taɓa ganin amya a kan tsamiya ko kuka a nan Gagarawa ya ji ana cewa zuma suna da sarki. To, wannan "sarki" mace ce, kuma ita ce uwar duk ƙudajen da ke ciki. Idan furanni sun wadata takan yi ƙwai fiye da 1,000 a rana.

Ga yadda abin yake. Sarauniya tana saka ƙwai ɗaya a kowane rami na saƙa. Bayan kwana 3 sai ya ƙyanƙyashe, tsutsa fara ta fito. Ma'aikata su yi ta ciyar da ita wajen kwana 6, sannan su rufe ramin da kaki. A ciki ne take yin fukafukai da ƙafafu da idanu. Ma'aikaciya takan fito bayan kimanin kwana 21 daga saka ƙwai, namiji 24, sarauniya 16. Namu na Afirka sukan ɗan riga na Turai fitowa.

A shekarar 1845 wani masani mai suna Dzierzon ya bayyana cewa ƙwan da bai haɗu da maniyyi ba namiji yake zama, wanda ya haɗu kuma mace. Ke nan sarauniya da ma'aikaciya ƙwansu iri ɗaya ne. Me ya bambanta su? Abinci. Akwai wani farin ruwa mai kauri kamar kindirmo da ma'aikata ke fitarwa daga kawunansu. Kowace tsutsa tana samunsa a kwanaki ukun farko. Wadda aka ci gaba da ɗura mata shi a babban rami ita ce za ta zama sarauniya, ta rayu shekaru. 'Yar uwarta da aka mayar wa zuma da garin fure, makonni kaɗan take yi a lokacin aiki.

Saboda haka ko sarauniya ta mutu, muddin akwai ƙwai ko ƙananan tsutsotsi, za su reni wata. Amma idan mai ɗiban zuma ya cinna wuta ya kwashe har saƙar 'ya'ya, ya kashe gidan baki ɗaya. Baɗi babu zuma, kuma furen riɗinmu ya rasa masu ziyartarsa.

Don haka yara, ku gaya wa Baba da Yaya: a yi amfani da hayaƙi, a ɗebi saƙar zuma, a bar ta 'ya'ya.

Allah Ya sa mu amfana, amin.