Cacar Ƙwallo Da Kuɗin Haihuwa

A ɗakin awo mukan tambayi mai ciki ko an tanadi kuɗin mota da na kayan haihuwa, da kuma wanda zai ba da jini idan buƙata ta taso. A 'yan shekarun nan akwai amsar da ta fara yawa a bakin mata: an tara, amma maigida ya zuba a cacar ƙwallo da niyyar ya ninka kafin watan haihuwa ya kama. Yawancin mazan nan sun yarda ne cewa wanda ya san ƙwallo zai ci. Malamai sun riga sun yi bayanin hukuncin caca a addini. Mu a nan lissafinta za mu duba.

Kowane wasa kamfanin caca yana sa masa wata lamba da masu harkar ke kira "od", wato lambar ninki. Idan lambar 2.00 ce, wanda ya zuba naira 1,000 ya dace, za a ba shi 2,000. Ƙaramar lamba kamar 1.20 tana nufin kamfani yana ganin abin zai faru. Babba kamar 9.00 kuwa tana nufin da wuya. Sai kuma abin da suke kira layi. Alal misali a ce: ƙwallayen da za a ci a wasan za su haura biyu da rabi, ko ba za su kai ba? Ai babu rabin ƙwallo a fili. An sa rabin ne don kada a yi kunnen doki, dole ɓangare ɗaya ya faɗi.

To, ina ribar kamfani? Mu ɗauka mutum 100 sun ce za a haura layi, wasu 100 sun ce ba za a kai ba, kowa ya zuba naira 1,000. An tara 200,000 ke nan. Da rabon gaskiya ake yi, da lambar kowane ɓangare 2.00 ce. Amma sai a sa wa kowanne kamar 1.90. Duk ɓangaren da ya dace za a biya shi 190,000, kamfani ya soke 10,000 a aljihu, ko an ci ƙwallo ko ba a ci ba. Tun kafin alƙalin wasa ya hura usur ya riga ya cire nasa. Labarin ɗan wasan da ya ji rauni kuwa, wanda maigida yake ganin shi kaɗai ya sani, ma'aikatan kamfani da kwamfutocinsu sun riga shi ji, har sun gyara lambar.

Inda aka fi yi wa talaka illa shi ne tikitin da ake jera wasanni da yawa a kai. Mutum ya zuba naira 100 a wasa goma, kowanne a kan 1.90, sai ya ga an rubuta masa zai ci kusan 61,300. Wa zai ƙi? Amma idan kowane wasa rabi da rabi ne, damar ya dace duka goman ita ce sau ɗaya cikin 1,024. Da biyan gaskiya ne, 102,400 ya kamata a rubuta. Wato kamfanin da yake cire biyar cikin ɗari a wasa guda, a wasa goma ya cire wajen arba'in cikin ɗari. Sannan mu lura da maganar nan da aka saba ji: "Wasa ɗaya ne kawai ya yanke mini tikiti." Dacewa da tara a faɗi ɗaya ya ninka dacewa da goman sau goma wajen yawan faruwa. Wannan "saura kaɗan" ita ce take mayar da mutum gobe, har ya kai ga kuɗin ragon suna.

Abin da ya sa ungozoma ta shiga wannan magana shi ne, naƙuda ba ta jiran a buga wasan ƙarshen mako. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu idan ba a kai mata ɗauki ba. Jijjiga da doguwar naƙuda su ma ba sa sallama, wani lokaci sai an yi tiyata cikin dare. Mace takan ɓata sa'o'i a gida ana buga waya neman rance, ta iso mana a galabaice.

A shekarar 2024 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta rufe shagunan caca da dama, sai dai cacar tana cikin waya, a ɗaka ma ana yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, kuma ana maganinta. Alamunta sun haɗa da ɓoye waya, cin bashi ba dalili, sayar da kayan gida, fushi idan an yi zancen kuɗi, da sake zubawa don a maido da abin da aka rasa.

'Yar'uwa, idan kin ga haka, kada ki tsaya gardamar ƙwallo da shi, musamman a daren da ya yi asara. Ki ware kuɗin haihuwa tun cikin yana wata huɗu ko biyar, ki damƙa wa mahaifiyarki ko wata yayarki mai amana, ko ki sayi kayan da aka rubuta miki kaɗan-kaɗan ki adana, don auduga da safar hannu ba sa shiga waya. Ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya yi masa magana. Idan abin ya kai ga duka ko hana ki abinci, ki faɗa mana ranar awo. Sirrinki yana wurinmu.

Maigida kuma, idan ka yi niyyar bari sau da yawa ka kasa, ka rako ta awo na gaba ka nemi ganin ungozoma a keɓe. Za mu haɗa ka da likitocin sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ba sai kowa ya ji ba.