Sabon katako, tsohuwar fuska: yadda na kawo ƙofar zauren kakana Clichy-sous-Bois

A gidan kakana a Maradi akwai wata ƙofar zaure da rana da hunturu suka mayar ruwan toka, duk jikinta ya tsattsage. Ranar da aka rushe zauren, da ita aka hura wuta. Ni kuwa da na zo Faransa sai na tarar irin wannan katako kuɗi ne. Ku leƙa kasuwar tsofaffin kaya ta Saint-Ouen a gefen Paris, ko Puces du Canal kusa da Lyon, ku ji farashin katakon tsofaffin rumbunan ƙauyukan Savoie. Wallahi sai mutum ya riƙe baki.

Teburi nake so mai kama da ƙofar nan. Wata maƙwabciyata ta ce, "'Yar uwa, ki tsinci tsoho mana, ga su nan inda ake rushe gini." A nan aikina na jinya ya taka mini birki. Gidajen Faransa da aka gina kafin 1949 sau da yawa fentinsu na da dalma, kuma ina da yaro ɗan wata tara da komai ya samu sai baki. Mu da muka ji abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ai ba ma buƙatar dogon wa'azi. Sai na sayi sabon katakon pin, na ce ni zan tsufar da shi.

Ga yadda na yi. Na yayyaga soson ƙarfe mai laushi, na jiƙa shi cikin rabin lita na ruwan khal, na bar shi kwana uku a bakin taga. Kada ku rufe kwalbar gam, don haɗin yana fitar da iskar haidirojin. Ni na rufe a karon farko, washegari na iske murfin ya kumbura. Kuma kada khal ya haɗu da ruwan Javel, hayaƙinsa na ƙona huhu.

Kafin shafawa, na goge katakon da burushin ƙarfe ina bin layinsa, har laushin ya zube, jijiyoyin suka fito. Na ɗan bubbuge shi da guduma, na huda da ƙusa nan da can kamar cin gara.

Da na shafa ruwan, kusan babu abin da ya sauya. Ashe ƙarfen da ya narke sai ya gamu da sinadarin tanin yake yin duhu. Itacen chêne na da shi da yawa, pin kuwa kaɗan ne. Maganin shi ne baƙin shayi mai kauri: a shafa, a bari ya bushe, sannan a bi da ruwan ƙarfen. Cikin rabin awa ina kallo katakon ya koma toka-toka.

Da na kira mahaifiyata ta WhatsApp na nuna mata, dariya ta yi. Ta ce, "Wannan ai kuloko ne, abin da dukawa ke baƙanta fata da shi." Gaskiyarta. Majema na jeme fata da bagaruwa, wadda ke cike da tanin, dukawa kuma su shafa ruwan kashin maƙera ta yi baƙi. Ilimin da na sha wahalar nema ashe yana bayan gidanmu.

Shawara ga masu tsintar katakon ɗora kaya, wato palet: ku duba hatiminsa. Mai HT da zafi aka gasa shi. Mai MB maganin ƙwari mai guba aka turara masa, wanda Tarayyar Turai ta hana tun 2010, don haka ku bar shi inda kuka gan shi.

Daga ƙarshe na shafa wa teburin kakin zuma. Yanzu a kansa muke shan shayi. Idan na taso daga aikin dare, na sauko daga taragon T4 a gajiye, nakan ɗora tafin hannuna a kai kafin in cire takalmi.