Sabulun Salo

In ka shiga Babbar Kasuwa ta Katsina, ka nufi wajen masu sayar da kayan wanka da wanki, za ka ga sabulu iri iri. Akwai na kanti, fari da ja da kore. Akwai kuma wani baƙi-baƙi mai taushi, an cura shi curi curi. Shi ne sabulun salo. Tun kafin sabulun kanti ya iso ƙasar Hausa, da shi kakanninmu suke wanka da wanki. Asalinsa abu biyu ne, toka da mai.

Ga yadda a ke yinsa. Bayan kaka, mata su kan tara karan dawa ko na gero, su ƙone shi ƙurmus. Sa'an nan su kwashe tokar, su zuba a tukunyar ƙasa wadda aka huda gindinta, aka shimfiɗa tsumma a ciki. Su ɗora ta bisa wata tukunya, su kwarara ruwa a kan tokar. Ruwan sai ya riƙa ɗiga sannu sannu, launinsa kamar na shayi. Wannan shi ne ruwan toka.

Daga nan sai a girka ruwan tokan a wuta, ya yi ta tafasa har ya ragu, ya yi ƙarfi. Kāna a zuba masa man kaɗanya, ko man ja, ko narkakken kitse, a sa muciya a yi ta juyawa. Aikin na mai haƙuri ne. Da farko kumfa za ta taso, daga baya ya yi kauri kamar talge, har ya kama jikinsa. In mai ya yi yawa, sabulun ba ya kumfa sosai. In ruwan toka ya yi yawa, ya kan ci fata. Gwanar ita ce wadda ta san daidai.

To, me ya sa sabulu ke fid da dauɗa? Kun sani ruwa da mai ba su haɗuwa, dauɗar jiki kuwa da maiƙo take manne. Shi sabulu ɗan tsakani ne. Kowace ƙwayarsa tana da kai biyu, ɗaya ya riƙe maiƙo, ɗaya ya riƙe ruwa. Da an ɗauraye, sai ruwa ya ja sabulu, sabulu ya ja maiƙo, maiƙo ya tafi da dauɗa da ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani.

Kada ku ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, har da Jihar Katsina, ta kashe fiye da 3,000. Ta ruwa mara tsabta da abinci da ƙazamin hannu take shiga ciki. Saboda haka ku sha tsabtataccen ruwa, ku wanke hannu da sabulu bayan kun fito ban ɗaki, da kuma kafin ku ci abinci. Ku cuɗa tafi da baya da tsakanin yatsu har daƙiƙa 20. Rigakafi ya fi magani.

Amma ku lura, yara. Ruwan toka mai ƙarfi yana ƙona fata, in ya shiga ido yana iya makantarwa. Dafa sabulu aikin manya ne, naku kallo daga nesa. In ya fantsamar wa wani, a wanke wurin da ruwa mai yawa nan da nan, a kai shi asibiti. Sabulun salo kuma yana jan laima, don haka a ajiye shi a busasshen wuri, kada ya narke a banza.

Tambayoyi
1. Da me da me a ke yin sabulun salo?
2. Ta yaya sabulu ke fid da dauɗa?
3. Don me ba a barin yara kusa da ruwan toka?