Jarrabawa a Jami'a: Awo ga Ɗalibi, Awo ga Makaranta

Da yawa daga cikinku kuna da ɗa, ko 'ya, ko ƙane wanda ya ci jarrabawar BAC ya wuce jami'a. Kuɗin abincinsa da na mota da na takardu daga lambu suke fitowa, ko daga kasuwa, ko daga sayar da akuya. A ƙarshen shekara tambaya ɗaya ake yi masa a gida: ka ci ko ka faɗi? Akwai tambaya ta biyu da ya kamata ta biyo baya: ita jami'ar, me ta yi da sakamakon? Wannan bayani zai nuna muku cewa wajibi ne jami'a ta auna abin da ɗalibai suka koya, sannan ta yi amfani da awon wajen gyara koyarwarta.

Jami'ar da ta fi kusa da Gidimuni

Shekaru masu yawa ƙasar Nijar tana da jami'ar gwamnati guda ɗaya tak, a Yamai. An fara ta a 1971, kuma a 1992 aka sa mata sunan Abdou Moumouni. Ɗan Gidimuni mai neman ilimi mai zurfi sai ya yi doguwar tafiya zuwa can. A 2010 gwamnati ta kafa jami'o'i uku, a Maraɗi da Tawa da Damagaram. A 2014 aka ƙara huɗu, a Agadas da Diffa da Dosso da Tilaberi.

Jami'ar Damagaram yanzu tana ɗauke da sunan André Salifou, ɗan garin, masanin tarihi wanda ya rubuta littafi a kan masarautar Damagaram, ya kuma shugabanci Babban Taron Ƙasa na 1991. Ya rasu a 2022.

Jami'a ta matso kusa da gida, yara kuma sun ƙaru a cikinta. Saboda haka ya zama dole a san ko takardar shaidar da suke dawowa da ita tana da ilimi a bayanta.

Yadda ake auna ɗalibi

Jami'o'in Nijar suna bin tsarin da ake kira LMD. Tsarin ya samo asali daga wata yarjejeniya da ƙasashen Turai suka yi a birnin Bolonya na Italiya a 1999, kuma ƙungiyar UEMOA ta ƙasashe masu amfani da kuɗin CFA a Afirka ta Yamma ta umurci ƙasashenta su bi shi a 2007. Harufan uku suna nufin matakai uku:

L, wato Lisans, digiri na farko, shekara 3.
M, wato Masta, digiri na biyu, shekara 2.
D, wato Doktora, digiri na uku, shekara 3.

An raba kowace shekara zango biyu. Kowane darasi yana da nauyinsa, wanda ake kira kiredi. Ɗalibi yana tara kiredi 30 a zango ɗaya, sai ya tara 180 kafin ya sami Lisans. Ana ba da maki a kan 20, kuma 10 shi ne matsakaicin da ake nema. Akwai ƙananan gwaje-gwaje a cikin zango, akwai babbar jarrabawa a ƙarshensa, akwai kuma zama na biyu domin wanda ya faɗi ya sake gwadawa.

Wannan duka awon ɗalibi ne. Amma takardun da malamai suka duba suna ɗauke da wani labari, wato labarin koyarwar kanta.

Abin da sakamako yake faɗa wa jami'a

Ku dubi mai lambu a bakin tafkin Gidimuni. Idan ya kwashe amfanin gona yakan ƙirga buhuna. In ya ga fage ɗaya ya ba da kaɗan, ba ya tsayawa ga zargin shuka. Yakan duba iri, ya duba ban ruwa, ya duba ko kanwa ta yi yawa a ƙasar wurin. Abin da ya gano shi ne zai gyara kafin shuka ta gaba. Ƙirgar buhuna da ba ta kai ga gyara ba, wahala ce kawai.

Haka jami'a take. Mu ce ɗalibai 100 sun zauna jarrabawar ilimin labarin ƙasa, 70 daga cikinsu suka kasa amsa tambayar karanta taswira. In da mutum biyar ne suka kasa, sai a ce ba su yi bita ba. Amma tun da 70 ne, dole a waiwayi darasin. Wataƙila an fara shi a makare, aka yi shi a gurguje. Wataƙila babu isassun taswirori, ɗalibai suka haddace bayani ba tare da sun taɓa riƙe taswira a hannu ba. Wataƙila kuma Faransancin da aka yi tambayar da shi ne ya yi nauyi ga yaran da suka tashi da Hausa ko Barbarci a gida. Kowane dalili da maganinsa dabam. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Makarantar da ke ɗora faɗuwa a kan ɗalibai kullum, kuskure ɗaya za ta yi ta maimaitawa kowace shekara.

Nauyi shida da ke kan jami'a

1. Ta faɗa tun farko abin da ɗalibi zai iya yi idan ya gama. Misali, mai karatun aikin lafiya zai iya gane alamun zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ya san lokacin da za a tura marar lafiya babban asibiti. Idan ba a faɗi inda aka dosa ba, babu yadda za a san an isa.

2. Ta auna ta hanyoyi dabam-dabam. Rubutu a takarda yana nuna abin da mutum ya sani. Aikin hannu, da fita daji, da zaman koyon aiki a asibiti ko ofis, su ke nuna abin da ya iya.

3. Ta yi adalci. Ma'auni ɗaya ga ɗan birni da ɗan ƙauye, ga mace da namiji. Satar amsa da sayar da maki suna lalata awo, kamar tiyar da aka lotsa gindinta.

4. Ta fitar da sakamako a kan lokaci, ta nuna wa ɗalibi inda ya kuskure. Makin da ya fito bayan watanni masu yawa ba ya taimakon kowa wajen gyara.

5. Malaman kowane sashe su zauna su duba sakamakon gaba ɗaya, su yanke abin da za a canja: a ƙara sa'o'i, a sauya jerin darussa, a sayi kayan aiki, ko a raba babban aji gida biyu. A shekara mai zuwa kuma su sake aunawa, su ga ko canjin ya yi amfani.

6. Ta bi sawun waɗanda suka gama. Sun sami aiki? Waɗanda suka ɗauke su aiki sun gamsu da su? Me suka ce an rasa koya musu? Amsar tsohon ɗalibi ita ce awo na ƙarshe.

Wa ke duba jami'a?

Ba a barin mai awo shi kaɗai da ma'auninsa. Ma'aikatar ilimi mai zurfi tana sa ido a kan jami'o'in ƙasa. Bayan ita akwai CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska, wadda aka kafa a Yamai a 1968, hedkwatarta kuma tana Wagadugu. Tana tantance malaman jami'a kafin a ƙara musu girma, tana kuma duba darajar takardun shaida domin a amince da su a ƙasashen da ke cikinta. Idan ɗanku a Kano ko Katsina yake karatu, can akwai hukumar NUC, wadda aka kafa a 1962. Tana aika masana su duba kowane fannin karatu, kuma tana iya hana ɗaukar sababbin ɗalibai a fannin da ya gaza.

Me ya shafe ku?

Wanda ya gama jami'a, wurinku zai dawo. Shi ne zai duba yaranku a ɗakin shan magani, shi ne zai koyar a kwaleji, shi ne zai ba da shawara a kan ruwan tafki da gonaki. In an ba shi takarda ba tare da ilimi ba, gari ne zai yi asara. In kuma an kayar da shi saboda raunin koyarwa, gidansu ne ya yi asarar kuɗin shekara.

Ba sai kun iya Faransanci ba kafin ku bi sawun karatun ɗanku. Idan ya zo hutu, ku tambaye shi:

Kiredi nawa ka tara, nawa suka rage?
An faɗa muku tun farkon zango yadda za a auna ku?
An nuna maka takardarka bayan an duba ta?
Darasin da mutane da yawa suka faɗi bara, an canja wani abu a cikinsa bana?
Ana tambayar ɗalibai ra'ayinsu a kan koyarwa?

Idan amsoshin ba su gamsar ba, ku ƙarfafa masa ya kai maganar wurin wakilin ajinsu ko shugaban sashe, cikin ladabi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wannan ƙa'ida ta shafi ajinku na yaƙi da jahilci ma. Idan malami ya gwada ku ya ga yawancinku kun kasa lissafin rabawa, alama ce a gare shi ya sake darasin ta wata hanya. Saboda haka kada ku ɓoye abin da ba ku gane ba. Ku faɗa masa, domin da amsarku ne zai gyara koyarwarsa, ku amfana, waɗanda za su zo bayanku su ma su amfana.