Daga Ambursa zuwa Madina: Sa'o'i nawa maniyyaci ke yi a sama?

A duk lokacin da aka fara jigilar maniyyata, tambaya guda ce ke yawo a gidajen Jega, Aliero da Maiyama bayan an raka tsoho ko tsohuwa zuwa filin jirgi: "Shin sun sauka kuwa?" Sau da yawa hankalin iyali kan tashi ne saboda lissafin lokaci ya ruɗe musu, alhali jirgin na kan hanyarsa lafiya.

Maniyyatan waɗannan ƙananan hukumomi uku na tashi ne daga Filin Jirgin Sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kusa da Birnin Kebbi. Daga nan ne ma jirgin farko na aikin Hajjin 2024 ya tashi ranar 15 ga Mayu, inda Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ƙaddamar da jigilar.

Idan aka ja layi miƙaƙƙe daga Ambursa zuwa filin jirgin Madina, tazarar ta kusa kilomita 4,000. Zuwa Jidda kuwa kimanin kilomita 3,800 ne. Babban jirgin fasinja na cin kilomita 850 zuwa 900 a sa'a guda, don haka tafiyar kai tsaye kan ɗauki wajen sa'o'i biyar, har da tashi da sauka.

Sai dai jirgi ba ya bin layin taswira yadda ya ga dama. Miƙaƙƙiyar hanyar ta ratsa Nijar, Chadi da Sudan kafin ta tsallake Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazai suka koma zagaye. Hakan ya ƙara tsawon tafiya da shan mai, har kamfanonin jiragen suka nemi ƙarin dala 250 kan kowace kujera a wannan shekarar.

Abu na biyu shi ne agogo. Saudiyya na gaban Najeriya da sa'o'i biyu. Jirgin da ya tashi ƙarfe 12 na rana ya yi sa'o'i biyar, zai sauka ƙarfe 5 na yamma a agogon Jega, amma ƙarfe 7 ne a Madina. Bayan sauka kuma akwai layin jami'an shige da fice, ɗaukar kaya da neman layin waya, kafin a samu kiran gida.

Wannan lissafi ya fi shafar maniyyaci mai ciwon suga ko hawan jini. Tafiyarsa ta soma tun daga fitowa gida, ta haɗa da zaman jira a sansanin alhazai da tantancewa, wanda kan ninka lokacin da za a yi a sama. Maganinsa na jakar hannu ne, domin babbar jaka ba za ta dawo hannunsa ba sai an sauka.

Haka kuma ya kamata ya san inda jirginsa zai sauka tun kafin ya hau. Mai sauka Madina sai zai nufi Makka ne zai ɗaura harami a Zul Hulaifa. Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye kuwa, jirgi kan ratsa miƙati yana sama, don haka malamai ke cewa ya shirya haraminsa tun daga ƙasa.