Tabon Hanta: Haɗarin Da Ke Ɓoye Ga Masu Ƙanjamau Da Ciwon Hanta

Hanta ma'aikaciya ce mai haƙuri. Nauyinta a jikin baligi ya kai kimanin kilo ɗaya da rabi, tana tace jini, tana sarrafa abinci da magani, ba ta kuka sai ɓarna ta yi nisa. Idan ƙwayar cutar hanta nau'in B ko C ta zauna a cikinta shekara da shekaru, sojojin garkuwar jiki sukan yi ta kai mata farmaki, a wajen faɗan kuma naman hantar yakan mutu. Jiki sai ya cike gurbin da wani zare mai tauri, irin tabon da ƙuna ke bari a fata. Tabo kan tabo, har hanta ta ƙeƙashe, jini ya kasa ratsa ta, ciki ya tara ruwa, wani lokaci a yi aman jini.

Mai karatu zai yi zaton wanda ƙanjamau ya raunana wa garkuwa zai fi samun sauƙi, tunda faɗan ya ragu. Abin ba haka yake ba. Raunin garkuwa yakan bar ƙwayar B ta hayayyafa yadda ta ga dama, ita kuma ƙwayar ƙanjamau tana zuga sassan hanta masu saƙa zaren tabo. Wani bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2002, kan maza fiye da 5,000 a Amurka, ya nuna masu cututtukan biyu sun ninka masu ƙanjamau kaɗai kusan sau takwas wajen mutuwa ta dalilin hanta.

Mu dawo gida. Babban ƙidayar da aka yi a Nijeriya a 2018 ya gano ƙwayar B a jikin kashi 8.1 cikin ɗari na baligai, ƙwayar C kuwa kashi 1.1. Yawancin masu ɗauke da B a ƙasashenmu tun suna yara suka kamu, daga uwa wajen haihuwa, ko ta askar da ba a tafasa ba wajen kaciya, cire beli ko ƙaho. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa, tara cikin goma cutar takan zauna masa. Sai a 2004 allurar rigakafinta ta shiga jerin alluran yara na ƙasa, don haka akasarin magidantan Rano da Kibiya na yau ba su same ta ba. Ga kuma gyaɗa da masara, amfanin gonar wannan yanki: idan aka zuba su a rumbu da danshi sukan yi fumfuna mai fitar da dafin afalatokzin, wanda idan ya haɗu da ƙwayar B yakan ƙara haɗarin sankarar hanta ƙwarai.

Akwai labari mai daɗi, da sharaɗinsa. Ƙwayar maganin ƙanjamau da ake sha sau ɗaya a rana tana ɗauke da tenofobir da lamibudin, dukansu kuwa suna danne ƙwayar B, har tabon da bai yi nisa ba yakan ragu. Amma dannewa ce, ba kashewa ba. Wanda ya tafi cirani maganinsa ya ƙare, ko ya ji sauƙi ya ajiye, ƙwayar B tana iya tasowa da ƙarfi cikin 'yan watanni, ido ya yi ɗorawa. A nan ne, a ganina, ake yin babban kuskure: sai a ce shawara ce, a ɗura wa hantar da ta riga ta jigata jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba.

Saboda haka duk mai karɓar maganin ƙanjamau, a Babban Asibitin Rano ne ko a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ya dace ya nemi gwajin B da C, a kuma gwada iyalinsa, a yi wa marasa ita rigakafi. Likita yana iya ƙiyasta yawan tabo da gwajin jini mai sauƙi da ake kira APRI, ba sai an yanki hanta ba. Nau'in C kuwa, wanda sai a 1989 aka gano shi, yanzu ana warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari na masu shi da maganin mako 12.