Yadda Ƙasar Sama Ke Tona Asirin Zinaren da Ke Binne

Kafin kamfanin ma'adinai ya kai injin huda dutse daji, ƙwararrunsa kan fara da ɗibar ƙasa. Suna jan layuka a fili, su tona ƙananan ramuka bisa tazara, su ɗebi samfuri, su rubuta wurinsa.

A ɗakin gwaji ana auna zinaren da kaso cikin biliyan, adadin da ido ba ya gani. Ana kuma duba sinadaran da kan raka shi, kamar asenik, domin idan dutse ya marmashe sukan watsu cikin ƙasar da ke kansa. Inda alƙaluman suka zarce na kewaye, nan ake hudawa.

Sai dai ƙasa kan yaudari mutum. Wadda ruwa ko iska suka kwaso daga nesa ba ta ba da labarin dutsen da ke ƙarƙashinta. Shi ya sa a Afirka ta Yamma ake gwada ƙasar suri, tunda gara daga zurfi take fito da ita.

Ɗan kasuwar da aka nuna wa irin wannan sakamako daga Anka ko Birnin Gwari domin ya zuba jari, ya kamata ya nemi sakamakon huda dutsen tukuna.